"Me Kake Sha Yau?": Hirar Masu Sha'awar Lofe a Turai da Amurka

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu mutane, yawancinsu maza kuma dattawa, waɗanda suka ɗauki shan taba a lofe a matsayin abin sha'awa, kamar yadda wani yake kiwon tattabaru ko tara tsofaffin kuɗi. Suna da ƙungiyoyi, suna da ranakun haɗuwa, suna yin gasa, kuma suna da kalmomin da ba kowa ne yake gane su ba. Idan biyu daga cikinsu suka haɗu, abin da ɗaya zai fara tambayar ɗan'uwansa shi ne: "Me kake sha yau?"

Na fara jin wannan tambaya ne a lokacin da nake karatu a wani birni na arewacin Jamus. Mutumin da na kama hayar ɗaki a gidansa dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, kuma yana cikin wata ƙaramar ƙungiyar masu lofe da ke haɗuwa sau ɗaya a wata. Ni ba na shan taba, amma yakan tafi da ni, don a cewarsa a can ne zan ji Jamusancin da ba a koyarwa a aji. Ya kuwa yi gaskiya.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan abin da mutum yake buƙatar sani kafin ya fahimci amsar wannan tambaya, wato shi kansa lofen da ire-iren tabar da ake zuba masa. Daga nan za a nuna cewa tambayar gaisuwa ce, kuma ta hanyarta ne mutanen suke shiga zancen rayuwarsu ta yau da kullum. A ƙarshe za a duba illar da ke tattare da wannan al'ada, domin bayanin ba zai cika ba in an bar ta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne. Mutanen Christopher Columbus sun tarar da mazauna tsibirin Kuba suna shan ta a shekarar 1492. Wajen 1560 jakadan Faransa a Fotugal, Jean Nicot, ya aika da ita fadar ƙasarsa a matsayin magani, kuma daga sunansa ne aka samo kalmar nikotin, wato sinadarin da yake sa mai shan taba ya kasa dainawa. Tun da wuri ta sami masu suka. A 1604 Sarki James na I na Ingila ya rubuta ƙasida yana kushe ta, amma hakan bai hana John Rolfe fara noman ta domin sayarwa a Bajiniya a 1612 ba.

Ba a daɗe ba ta iso Afirka ta Yamma. A 1607 malamin nan na Tumbutu, Ahmad Baba, ya yi rubutu a kan hukuncin shan ta, abin da yake nuna cewa tun a lokacin ta zama abin muhawara. Hausawa ma sun san ta tun da daɗewa, shi ya sa muke da kalmomi irin su lofe ko tukunyar taba, da tabar gari da ake haɗawa da kanwa, da fure da mata suke goga wa haƙora.

Shekaru kusan ɗari uku lofe yana cikin manyan hanyoyin shan taba a Turai. Abin da ya kayar da shi shi ne sigari, musamman bayan James Bonsack ya ƙera injin naɗa ta a Amurka a farkon shekarun 1880, sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yaɗa ta a tsakanin sojoji. Sigari ba ta buƙatar kayan aiki ko natsuwa. Sannu a hankali sai lofe ya koma hannun waɗanda suke da lokacin zama.

3.0 Shi Kansa Lofen

Lofe yana da sassa uku: kai, inda ake cusa taba; wuya, wanda hayaƙi yake bi; da bututun da ake sa wa a baki. Abin da aka yi kan da shi ne yake bambanta wani lofe da wani. Akwai iri huɗu da suka fi shahara.

(a) Na yumɓu. Shi ne mafi tsufa a Turai. Garin Gouda na ƙasar Holan ya yi suna wajen yin sa tun ƙarni na 17. Yana da araha, sai dai yana saurin zafi da saurin karyewa.

(b) Na itacen buruyar. Wannan wani ɗan itace ne da ke tsirowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, kamar Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. Ba reshensa ake amfani da shi ba, sai wani dunƙule mai tauri da ke tsakanin saiwa da gindi, wanda ba ya saurin cin wuta. Akan yanka dunƙulen, a dafa shi a ruwa, a shanya shi tsawon watanni kafin a sassaƙa. Garin Saint-Claude na Faransa ne ya shahara da wannan sana'a tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma yawancin abin da masu sha'awa suke amfani da shi a yau na buruyar ne.

(c) Na farin dutse. Wani dutse ne mai laushi mara nauyi da ake haƙowa a kusa da birnin Eskişehir na Turkiyya. Jamusawa suna kiran sa kumfar teku. Yana da daɗin sassaƙa, kuma da yawan amfani yakan rine daga fari ya koma ruwan zuma.

(d) Na totuwar masara. Wani Baholande mai suna Henry Tibbe ne ya fara yin sa a garin Washington na jihar Missouri a Amurka a 1869. Shi ne lofen talaka, ko da yake Janar Douglas MacArthur ma da shi aka san shi.

Masu sha'awa ba sa tsayawa a kan lofe ɗaya. Dalili shi ne itace yana shan danshi idan an sha taba a cikinsa, don haka akan bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu ya bushe. Shi ya sa wasu kamfanoni suke sayar da akwati mai lofe bakwai, kowace rana da nata. Har ila yau, wata baƙar makuba takan taru a cikin kan lofen. Ba a kankare ta duka, domin ita ce take kare itacen daga ƙonewa. A Jamus kuma akasarin masu lofe suna sa wata ƴar matata mai gawayi a cikin wuyan, abin da Ingilishi da Amurkawa ba su cika yi ba. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da gardamar awa guda.

4.0 Ire-iren Taba

Bahaushe ya ce taba ta bambanta da garin gero. A wurin masu lofe kuwa, taba ma ta bambanta da taba. Bambancin yana zuwa ne daga irin ganyen da kuma yadda aka busar da shi.

(a) Bajiniya: ana busar da ita da zafin wuta a cikin rufaffen ɗaki ba tare da hayaƙi ya taɓa ta ba. Tana riƙe sukarinta, don haka tana da ɗan zaƙi, kuma launinta daga rawaya ne zuwa ja.

(b) Barli: iska ce take busar da ita a cikin rumfa. Ba ta da sukari sosai, tana da nikotin da yawa, kuma tana karɓar duk ƙanshin da aka zuba mata.

(c) Tabar Gabas: ƙananan ganye ne da ake shanyawa a rana a Turkiyya da Girka da maƙwabtansu.

(d) Latakiya: ta samo suna daga birnin Latakiya na bakin teku a Siriya. Akan rataye ganyen a kan hayaƙin itatuwa masu ƙanshi tsawon watanni har ya yi baƙi. Daga baya yawancin aikin ya koma tsibirin Kubrus. Wanda bai saba ba zai ce warin gobara take yi.

(e) Farik: a wani ƙaramin yanki na jihar Luwiziyana a Amurka ake yin ta. Akan danne ganyen a cikin ganga ta itace da ƙarfin gaske har kimanin shekara guda, ya tsima a cikin ruwansa. Tana da yaji, saboda haka kaɗan ake barbaɗawa.

(f) Kabandish: wannan ba irin ganye ba ne, hanyar sarrafawa ce. Akan turara ganyen da tururi a danne shi har ya yi laushi, sau da yawa a ƙara masa zaƙi.

Daga waɗannan ne ake yin haɗi, kamar yadda mai turare yake haɗa nasa. Haɗin da ake kira na Ingilishi ya ƙunshi Bajiniya da tabar Gabas da Latakiya. Akwai haɗin Bajiniya da Farik. Akwai kuma masu ƙanshi, waɗanda ake zuba wa ɗanɗanon banila ko na ƴaƴan itace, kuma su ne sababbin shiga suka fi saye. Yankan ma iri-iri ne: akwai silili, akwai falle-falle da ake murtsukewa a tafin hannu, akwai curi da mai shi zai yanka da wuƙa, akwai kuma wadda aka tufke kamar igiya. Garin Kendal na arewacin Ingila, inda ake sarrafa taba tun 1792, ya yi suna da wannan ta ƙarshe.

5.0 Tabar Safe da Tabar Dare

Mai lofe ba ya shan taba iri ɗaya daga safe zuwa dare. Da safe yakan zaɓi mara ƙarfi wadda za ta tafi da kofi ko shayi. Bayan abincin rana ya ɗauki matsakaiciya. Mai ƙarfi kuwa sai dare, bayan ciki ya ɗauka, domin nikotin mai yawa a kan yunwa yana sa jiri da tashin zuciya. Yanayi ma yana da tasiri: da yawa suna barin Latakiya sai lokacin sanyi, su koma Bajiniya da bazara.

Kamfanoni sun daɗe da gane haka. A 1907 Alfred Dunhill ya buɗe kanti a Landan inda mai saye zai iya neman a haɗa masa tabar da ta dace da bakinsa, a rubuta haɗin a littafi a ba shi lamba. Daga nan ne aka sami My Mixture 965. Wasu sunayen nasa kuma lokaci suke nunawa: Early Morning Pipe, wato lofen sassafe, da Nightcap, sunan da Ingilishi suke ba ɗan abin da ake sha kafin a kwanta.

Cika lofe ɗaya yakan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya ƙare. Sai an cusa tabar daidai, ba sako-sako ba kuma ba a danne ƙwarai ba. Sai an kunna sau biyu, ana dannawa da ɗan madanni a tsakani. Wanda ya yi gaggawar zuƙa, harshensa ne zai ƙone. Saboda haka mai lofe yakan haɗa shan da wani abu na natsuwa, kamar karatu ko gyaran lambu ko kallon ruwan sama daga baranda. Wannan ne ya sa da zarar ya ambaci tabar da ya sha, sai ya ambaci inda ya sha ta da abin da yake yi.

6.0 Tambayar a Matsayin Gaisuwa

Da farko a lura da wata matsalar fassara. Jamusanci da Faransanci da Ingilishi duk suna da aikatau na musamman domin shan taba. Hausa kuwa da "sha" take amfani, kamar yadda muke cewa shan ruwa, shan iska, shan wahala. Don haka "Me kake sha yau?" a Hausa tana iya nufin shayi ko magani, sai mahallin magana ne zai fayyace. A harsunansu tambayar ba ta da harshen damo.

Ga irin amsoshin da nakan ji a wurin zaman ƙungiyar maigidana, na mayar da su Hausa:

"Bajiniya ce a tsohon lofen mahaifina. Tun asuba nake kwashe ƙanƙara a ƙofar gida, bayana duk ya riƙe."

"Ni yau Latakiya na sha, a gareji. Uwargida ta ce in na ƙara kunna ta a falo, ni da labule za mu fita tare."

"Ban sha komai ba yau. Daga asibiti nake, an kwantar da matata."

Idan aka duba tsarin waɗannan amsoshi za a ga sassa uku a jere: sunan taba, lofen da aka sha ta a ciki, sannan labarin yini. Sassa biyun farko gajeru ne kuma kusan a hardace suke. Na ukun shi ne ainihin saƙon. A amsa ta uku ma babu taba sam, amma tambayar ta yi aikinta, domin ta ba mutumin damar faɗin abin da yake damunsa ba tare da ya zama shi ne ya fara kawo kuka ba.

Ɗalibin Hausa ba zai rasa gane wannan ba. Idan muka ce "Ina gajiya?" ko "Yaya sanyi?" ba rahoton gajiya ko na sanyi muke nema ba, ƙofar magana muke buɗewa. Bambancin shi ne gaisuwarmu tana da amsa ɗaya da kowa ya sani, "Ba gajiya" ko "Lokacinsa ne", kuma sai an gama ta ake shiga zance. Tasu kuwa amsarta tana sauyawa kullum, kuma zancen a cikinta yake. Bugu da ƙari, tambayar tana daidaita mutane. A wannan ƙungiya akwai likitan haƙori da direban bas da malamin makaranta, amma ba wanda ake tambaya aikinsa ko ra'ayinsa na siyasa. Duk wanda ya iya ba da amsa ɗan gida ne.

Akwai kyauta ma a ciki. Idan mutum ya yaba tabar wani, akan miƙo masa gwangwanin ya cika lofensa. Wasu suna sayen gwangwanaye su rubuta kwanan wata su ajiye shekara biyar ko goma, domin Bajiniya tana ƙara daɗi in ta daɗe a rufe. Irin wannan ajiya ba a buɗe ta sai ranar farin ciki, kamar haihuwar jika, kuma a gaban abokai ake buɗewa.

7.0 Gasa da Taruka

Gasar masu lofe ba ta sauri ba ce, ta jinkiri ce. Akan ba kowa lofe iri ɗaya, da taba giram 3, da ashana tsinke biyu, da madanni na itace. Ana ba da minti 5 na cusa taba, da minti 1 na kunnawa. Daga nan babu sake kunnawa: wanda lofensa ya mutu ya fita, wanda nasa ya fi daɗewa yana hayaƙi shi ya ci. Gwanaye, musamman Italiyawa, sun taɓa wuce awa 3 da wannan ƴar taba. Akwai kwamitin ƙasa da ƙasa na ƙungiyoyin masu lofe da yake shirya irin wannan gasa.

Ban da gasa, akwai baje koli da ake yi, mafi shahara shi ne na Shikago, inda masassaƙa da masu tara tsofaffin kaya suke haɗuwa. Sun kuma ware ranar 20 ga Fabrairu a matsayin ranarsu. A Birtaniya an yi shekaru ana ba da kyautar gwarzon mai lofe na shekara. Firayim Minista Harold Wilson ya same ta a 1965, kuma ɗan wasan kwaikwayo Stephen Fry ne na ƙarshe da ya karɓa a 2003, kafin dokokin hana tallar taba su sa a daina.

8.0 Illa da Raguwa

Masu lofe da yawa suna cewa su ba sa haɗiye hayaƙi, a baki kawai suke juya shi, don haka ba su cikin haɗari. Gaskiya ne cewa haɗarinsu bai kai na mai sigari ba, amma yana nan. Wani bincike na Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka da aka buga a 2004 ya bi diddigin maza kimanin 138,000 har tsawon shekara 18. Ya gano cewa haɗarin mutuwa da ciwon dajin huhu a wurin masu shan lofe kaɗai ya ninka na waɗanda ba su taɓa shan taba ba sau 5. Haɗarin ciwon dajin baki da maƙogwaro ma ya ƙaru ƙwarai, haka kuma na ciwon zuciya. Nikotin yana shiga jini ta fatar baki, saboda haka jaraba ba ta buƙatar haɗiyewa. Na kusa da mai shan ma yana shaƙar hayaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa taba, duk nau'inta, tana kashe mutane sama da miliyan 7 a kowace shekara.

Wannan ne ya sa ƙasashe suka ɗauki mataki. Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shan taba ta fara aiki a 2005. Ƙasar Ailan ta hana shan taba a wuraren aiki, har da mashaya, a 2004, Ingila ta bi a 2007, Faransa kuma ta kai dokar ga gidajen kofi da na abinci a farkon 2008. Ƙungiyoyi da dama sun rasa wurin zama, suka koma gidajen juna da lambuna. Kasuwar ma ta tsuke. A 2018 kamfanin McClelland na Amurka ya rufe bayan kimanin shekara 40 yana aiki, kuma a wannan shekarar ne aka daina fitar da tabar lofe da sunan Dunhill, ko da yake wasu haɗe-haɗen sun dawo daga baya da sunan Peterson.

Maigidana ma likita ya hana shi shan taba kafin in bar garin, bayan an ga wani farin tabo a cikin kumatunsa. Ya bari, amma bai daina zuwa taron wata-wata ba. Yakan riƙe lofe babu wuta, idan an tambaye shi me yake sha sai ya ce iska, daga nan ya ci gaba da ba da labarin jikokinsa.

9.0 Kammalawa

An ga a wannan takarda cewa amsar "Me kake sha yau?" tana buƙatar sanin kalmomi da dama na lofe da na taba, amma aikin tambayar ya wuce neman bayani. Hanya ce da mutanen da ba su saba faɗin damuwarsu kai tsaye ba suke bi su gaisa, su san halin da juna suke ciki. An kuma ga cewa tabar da ta haɗa su tana cutar da su, kuma wanda ya bar ta yana iya riƙe zumuncin. Ga mai koyon harshe, darasin shi ne ya riƙa tambayar kansa abin da magana take yi a tsakanin masu yin ta, bayan ya gama gane ma'anar kalmominta.

Tambayoyi

1. Kawo ma'ana biyar na aikatau "sha", ka sa kowace a cikin jimla.

2. Mene ne bambancin "taba" da "taɓa" wajen furuci da ma'ana? Nemo jimla ɗaya a sashe na 8.0 da ta ƙunshi duka biyun.

3. Bayyana sassa uku na amsar mai lofe kamar yadda aka nuna a sashe na 6.0.

4. Kawo gaisuwar masu sana'a guda uku a Hausa, kamar ta manoma ko maƙera ko ƴan kasuwa, ka faɗi amsar kowace.